Sandar Giyar Motar Maselina

Maselina ba ta san zama wuri ɗaya ba tun tana yarinya. Ko a coci, in fasto ya ja huɗuba, za ka ga ƙafarta tana rawa a ƙarƙashin benci, maficinta yana kai da komo kamar biyanta ake yi. Uwarsu ta yi faɗa har ta gaji ta zuba mata ido. Da ta girma sai halin nan ya sami aikin yi, domin ita ce mace ta farko a ƙauyenmu da ta riƙe sitiyari don neman abinci. Har yau akwai dattawan da ba su gama yafe mata ba, ko da yake su ne kan gaba wajen tsayar da ita a rage musu hanya.

Motar farar bas ce ƙarama, 'yar Japan, mai canja giya da kanta, wadda ta gama shan wahalar duniya kafin ta iso Samoa. Da ita Maselina take kwasar matan kasuwa da kwandunan gwaza da ayaba da kwakwa, ta gangara tashar jirgin ruwa ta Salelologa, ta shiga jirgin fito, a tsallaka da su tsibirin Upolu, ta sauke su a kasuwar Apia. Da yamma ta kwaso su da buhunan shinkafa da fulawa da gulmar birni. Mijinta Uelese yana New Zealand yana tsinkar tuffa, ba ya zuwa gida sai ƙarshen shekara, saboda haka bas ɗin nan ce ke riƙe da gidan da 'ya'yansu na makaranta.

Wanda ya koya mata tuƙi yayanta ne, Pesamino, wanda kowa ke kira Mino. Shi ne bakaniken ƙauyen, kuma dattijo ne a coci. Garejinsa rumfar kwano ce a bayan gidansa, an malale ƙasan da farar tsakuwar bakin teku kamar kowane tsakar gida. Mutum ne mai nauyin jiki da nauyin baki. Tun kafin kwalta ta iso mu yake kwance injina, na kwalekwale, na yankan ciyawa, har da tsohuwar motar fasto da ta fi son turi a kan fetur. Bai tara komai ba, amma yana da abin taƙama guda ɗaya: ba a taɓa ɗaukar aikin da ya gama an kai wa wani ya sake ba.

To a wurinmu ƙanwa ba abin wasa ba ce ga yayanta. Shi ke yi mata hidima, ita ake fara zuba wa abinci. Tun daga ranar da suka yi wayo ba sa zama a tabarma ɗaya, ba ya taka inda take kwana. Bakinta kuwa tsoronsa ake ji. In ƙanwa ta furta cewa ranta ya ɓaci da yayanta, tsofaffi sun ce ɓacin ran kan sauka a kan 'ya'yansa. Fasto ya sha cewa camfi ne, amma duk mun ga yadda yake lallaɓa tasa ƙanwar in ta zo.

Da giyabos ɗin bas, wato akwatin giyarta, ya mutu a kan tudu, da kaya da mutane, Mino ne ya ja ta zuwa rumfarsa. Ya sauke shi, ya wargaza shi a kan tabarma, ya aika wa wani ɗan uwansu a Auckland, aka ƙullo kayan gyara cikin jakar masu zuwa jana'iza. Aikin ya ja lokaci fiye da yadda ya saba, Maselina tana zagaye gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ranar da ya gama ba a yi zancen lada ba, wa zai ma fara? Ta gasa kifi da gwaza, ta naɗe ganye da madarar kwakwa, ta kai gidansa ran Lahadi. A coci har an ambaci sunansa cikin addu'ar godiya.

Da ta fita aiki, motar ta tashi lafiya, tana canja giya ba gargada, kai ka ce sabuwa ce. Sai da suka sauka daga jirgi, rana ta ɗaga, ta zo yin ribas a kasuwa, sannan ta ji abin. Da can in ta ja sandar giya tana jin kowane mataki a tafin hannunta, ƙas, ƙas, daga fakin zuwa ribas zuwa firi. Yanzu sandar tana lilo kamar ludayi a tukunyar da ba komai. Ta sa ribas, mota ta yi shiru. Ta ɗan jijjiga sandar, sai ga ta ta kama da wani ɗan tsalle. Daga ranar hankalinta bai ƙara barin sandar ba.

Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne da sassafe sandar lafiyarta ƙalau. Musamman in an yi ruwa ko raɓa ta sauka, sai ta ji ta tsam a hannu. In an yi tafiya inji ya ɗau zafi, sai lilon ya dawo, kullum yana ƙaruwa.

Ba ta iya zuwa ta ce wa Mino aikinsa bai yi ba. Sai ta bi ta wajen matarsa Akenese, tana taya ta kankare kwakwa, ta jefa maganar kamar ba da gangan ba.

"Sandar nan tana ɗan wasa da rana."

Akenese ta ɗago kai. "Wace sanda?"

"Ta giya. Ba wani abu ba ne. Kada ma ki faɗa masa."

"Ke dai Lina ba kya rabo da tsirfa. Mutum ya kusa karya bayansa a ƙarƙashin motarki, yanzu kuma sanda ce ke wasa?"

Ta san za ta faɗa masa, don haka ma ta ce kada ta faɗa. Washegari da sassafe sai ga Mino a ƙofar gidanta, ciyawa duk raɓa. Ya shiga mota, ya tayar, ya ja sandar sama da ƙasa. Ƙas, ƙas, ƙas.

"Lafiyarta lau," ya ce. "Hannunki ne ba ya zama, tun kina ƙarama."

"Haka ne, Yaya," ta ce, har da dariya. Da ya juya baya ta ji kamar ta kurma ihu.

Sai ta shiga bincike da kanta. A bayan kasuwar Apia, matan suna ciniki, ita tana durƙushe tsakanin kujeru da wuƙar yanka ayaba, tana kwance murfin da ke kewaye da sandar. Ta ɗaure kan sandar, ta taɓa kowane noti, babu wanda ya saki. Ta zaro ma'aunin man giya, ja ne garau, ba ƙauri. Ta kama wayar da ta tashi daga gindin sandar ta nutse ƙarƙashin mota, ta ja, sai ta ji tana tahowa kaɗan kafin ta kama wani abu. Ke nan daga sama ba laifi. Matsalar tana can ƙasa, inda wayar ta haɗu da giyabos, inda hannun Mino ya taɓa. Ta mayar da murfin, ta zauna, ta tashi, ta zagaya motar, ta sake zama.

Iya Vitolina, tsohuwar da ke sayar da tabarmi, wadda ta mallake kujerar gaba tun ranar da aka sayi motar, tana kallonta tana fifita.

"'Yar nan, ko ƙuma ce a zanenki?"

"Ba komai, Iya."

"Ba komai ne ya sa kike damun sandar nan kamar mai dama koko? Ni dai in za ki kashe ni, ki bari in sayar da tabarmin nan tukuna."

Maselina ta yi dabarunta. Ta daina fakin a gangare. Ta riƙa yawo da dutse a ƙarƙashin kujera don tokare taya. In ta sa fakin sai ta jijjiga sandar, ta saki burki a hankali ta ji ko motar ta tsaya. Abinci ya daina yi mata daɗi, 'ya'yanta suka koyi kauce mata in ta dawo. Ta tsani kanta a kwanakin nan, domin ta san rayukan mutane take ɗauka, kuma ta san kunya ce kawai ta rufe mata baki.

Ran wata Juma'a suka makara, suka sami jirgin tsakar rana. Sun jima a layi, inji yana aiki, rana tana dukan kwalta. Ita ce ta ƙarshe da aka ɗora, dab da ƙofar da motoci ke hawa, ƙofar ma ba a ɗaga ta ba tukuna. Lafaele mai jera motoci yana ta daka mata tsawa ta matsa, ta matsa, ya isa. Cikin sauri ta tura sandar fakin, ta ja burkin hannu, ta fito. Matan suka haye saman jirgin, ban da Iya Vitolina da gwiwoyinta ba sa son matakala. Teku ba ta kwanta ba ran nan. Igiyar ruwa ta ɗaga gaban jirgin, sai Maselina ta ga farar motarta, da gwaza har rufi, tana ja da baya a hankali, burkin hannu yana kuka, ta nufi buɗaɗɗiyar ƙofa. Tsakanin ƙofar da gaɓa ruwa ne ke tafasa.

Ba ta san lokacin da ta kama madubin motar tana ja ba, kamar hakan zai yi wani amfani. Lafaele ne ya wurga gungumen katako a bayan taya. Motar ta hau shi kaɗan, ta girgiza, ta tsaya.

"Anti! Ba ki sa ta a fakin ba ne?"

"Leƙa ka gani," ta ce.

Ya leƙa. Sandar tana kan fakin daram. Ya kira wani suka ɗan tura motar gaba, ta tafi salin alin.

"Sanda tana fakin, giyabos yana firi. Wane mai facin keke ne ya taɓa miki mota?"

Iya Vitolina ta leƙo ta taga, hularta a karkace. "Kai, kama bakinka. Yayanta ne."

Lafaele ya sunkuyar da kai ya ba da haƙuri, don shi ma yana da ƙanwa. Amma ya ce gaskiya ɗaya ce, yau zai kai ta ya dawo da ita da katako a kowace taya, daga nan kuma motar nan ba ta ƙara hawa jirgi sai an gyara. Ya ce akwai gareji mai kyau a Vaitele, ta biya ta can yau ɗin nan, aikin ba zai ɗau lokaci ba.

Ta san garejin. Ta kuma san mai shi yana auren 'yar ƙauyenmu, kafin jirgin yamma ya tsallaka labari ya riga ta isa gida: ƙanwar Mino ta kai aikin Mino a sake. Da wannan gara ta tsaya a tsakiyar coci ta zage shi. Ta bi ta gaban garejin da tafiya, ta rage gudu, ta wuce. Da dawowa ma ta rage gudu, har Iya Vitolina ta gyara zama, ta sake wucewa. Duk tsallakawar yamma tana tsaye a jikin motar, hannunta a kan ƙofa, ba ta hau sama ba.

Ta sauke matan ɗaya bayan ɗaya, ba ta kashe inji ba, ta wuce kai tsaye rumfar Mino da sauran rana. Yana zaune a kan tsohuwar taya yana wanke wani ƙarfe a cikin fetur. Ta fito ta zauna a kan tsakuwa daga nesa, don ba a yi wa babba magana a tsaye.

"Yaya, ga mota."

"Me ya same ta?"

"Ka taɓa ta yanzu, da zafinta."

Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan. Ya shiga, ya kama sandar. Ta yi lilo a hannunsa. Sannan ya fito, ya ɗaga motar da jak, ya tokare ta, ya jawo tabarmar aikinsa ya shige ƙarƙashi da tocila.

Maselina tana ganinsa daga inda take zaune. Ta ga hasken tocilan yana haska wani wuri dabam, hannunsa kuma yana lalube a wani wuri dabam. Ya miƙa hannu zai ɗauki filaya, ga ta nan dab da yatsunsa, jan mariƙinta yana ƙyalli a kan farar tsakuwa. Ya shafa dama, ya shafa hagu, ya ɗauko sifana, ya juya ta a hannu, ya ajiye, ya ci gaba da shafawa. Sai abubuwa suka riƙa faɗo mata a rai. Ya daina buɗe Littafi in zai yi karatu a coci, da ka yake kawo ayoyi, mu kuwa muna ta yaba masa. Ya daina zuwa kamun kifi. Kwanan baya ya wuce 'yarta a hanya bai kula ta ba, aka ce tunani ne ya yi masa yawa. Tausayinsa ya kama ta, haushi kuma ya biyo baya, na shi da ya ɓoye, da na kanta da take kallon sanda ba ta kalli yayanta ba.

Ta tashi, ta ɗaure zanenta tsakanin ƙafafu, ta ɗauki filayar, ta kwanta ta shige ƙarƙashin motar, kafaɗarta tana gugar tasa.

Mino ya zabura har kansa ya bugi ƙarfe. "Lina! Fita! Kin haukace ne? In wani ya gani fa?"

"Ba ni tocilan, Yaya."

"Na ce ki fita."

"Iya Vitolina ta kusa faɗawa teku yau, tana cikin motar nan. Ba ni tocilan."

Ya sakar mata. Ta haska inda wayar ta haɗu da ɗan hannun ƙarfen da ke jikin giyabos. Kan wayar zobe ne, ya kamata ya zauna tsam a kan ƙusar hannun, amma ga rata a tsakani, an cike ta da afa, igiyar zaren kwakwa da dattawa ke murzawa a cinya in suna zaman shawara. An naɗa ta da kyau, ɗaurin gwani, irin wanda ake yi wa ginshiƙan ɗaki. Ta yi baƙi da mai, ta bushe, ta saki.

"Afa na gani," ta ce.

Ya yi magana yana kallon cikin motar. Ya ce wata 'yar farar roba ce ke zama a cikin zoben, ba ta fi ƙwayar gyaɗa biyu ba. Ranar da yake mayar da giyabos ta suɓuce masa ta faɗa cikin tsakuwa. Fara a cikin fara. Ya yi rarrafe a rumfar nan har gwiwoyinsa suka sale, bai same ta ba. In ya kira wani ya duba masa, to ya faɗa wa duniya ke nan.

"Na ce afa tana riƙe ɗaki a guguwa, ba za ta kasa riƙe waya ba. In ta sha raɓa tana kumbura ta kama. Ban yi tunanin zafin inji ba."

"Tun yaushe, Yaya?"

"Idon hagu ya daɗe. Na dama ne ya biyo shi bana. Kamar ana hura hayaƙi a gabana."

"Akenese ta sani?"

"Ta san ina yawan neman abu."

Maselina ta goge fuskarta da bayan hannu, ta shafa wa kanta baƙin mai. Ba ta iya kwanciya haka nan ba, ko a wannan hali. "To yanzu ina za a sami robar?"

A bayan rumfar akwai gawar wata bas irin tata, kaji sun mayar da ita gidan ƙwai. Ya kwatanta mata, ta kore kajin, ta shige ƙarƙashi, ta ɓanɓaro robar da bakin sukuddireba, ta dawo da ita a dunƙule cikin hannu kamar za a ƙwace. Ta yanke afar. Ya karɓi robar ya shafa ta da yatsa, ya ce ta juya ta, gefe mai kauri ne ke kallon giyabos. Ta matsa da filaya har ta ji ta shige. Ya sa ta fita ta mayar da sandar fakin, ta dawo ta tura hannun ƙarfen har ƙarshe, ta sassauta notin da ke kan wayar, ta bar ta ta sami zamanta, sannan ta ɗaure. Ya bi bayanta da yatsu, ya ce ta ƙara kaɗan. Ta ƙara.

A haka Akenese ta same su, ta fito da kwanon shayi, ta ga ƙafafu huɗu a jere a kan tabarma ɗaya.

"Ubangiji ka rufa mana asiri! Mino! Lina! Me nake gani haka?"

"Aiki muke yi," in ji Mino daga ƙasa. "Ajiye shayin."

Suka sauke motar. Maselina ta shiga, inji da sauran zafinsa, ta ja sandar. Ƙas, ƙas, ƙas. Ta sa fakin, ta saki burki, ta ce wa Akenese ta tura. Akenese ta tura tana mita, motar ko gezau. Ta sake gwadawa, ta kuma sakewa, har Mino ya ce ta bari haka kada ta karya musu aiki.

Duk motar da Mino ya gyara shi yake fara fita da ita gwaji, mai ita yana gefe. Maselina ta fito ta bar masa ƙofa a buɗe, ta miƙa makulli. Bai karɓa ba. Ya dafa jikin motar, ya bi ta gabanta yana shafawa, ya lalubo ɗaya ƙofar, ya hau kujerar fasinja ya zauna. Akenese ta sa hannu ta rufe baki.

Lokacin mutane sun firfito shan iska, dattawa suna zaune a buɗaɗɗen zauren taro a bakin hanya. Maselina ta tayar da mota.

"In bi ta bayan gonar ayaba, Yaya? Ba kowa a can."

"A'a," ya ce, ya sauke gilashi ya ɗora gwiwar hannunsa a taga. "Bi ta gaban zaure. Kuma ki tafi a hankali."